Kafin ka ɗora wa wakilin AI laifi, duba abin da ka rubuta masa

Da zarar wakilin AI ya tafka shirme, sai ka ji ana cewa ba shi da basira, a sauya shi da wani. Ni kuwa a ganina, galibi matsalar tana cikin 'yan layukan nan da ba wanda ke kula da su, wato bayanin kayan aikin da aka miƙa masa.

Ga waɗanda ba sa cikin harkar, wakili shi ne AI ɗin da bai tsaya a hira kaɗai ba, yana duba kalanda, yana aika saƙo, yana binciko fayil, duk ta hanyar ƙananan manhajojin da ake kira kayan aiki. OpenAI, mai ChatGPT, ta fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, takwararta Anthropic kuma ta fitar da MCP, wata ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, a Nuwamban 2024, tsarin da ita ma OpenAI ta runguma a Maris ɗin 2025. A dukkansu abu uku wakilin ke gani: sunan kayan aikin, bayaninsa, da guraben da zai cike. Ba ya ganin yadda aka rubuta manhajar daga ciki. Tamkar ɗan aike ne da aka damƙa wa takarda aka ce ya tafi, abin da ba ya cikin takardar sai ya yi kintace.

Ɗauki kayan aikin sanya taro a kalanda. Wanda ya gina shi ya rubuta: "Yana sanya taro." Shi ke nan. Gurabe uku ne: rana, lokaci, tsawo. To tsawo da me, minti ko daƙiƙa? Idan aka rubuta 03/04, a Amurka 4 ga Maris ke nan, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Ƙarfe tara ta wace ƙasa? Yana tura gayyata ga mutane nan take, ko ajiyewa kawai yake yi? Wannan na ƙarshen ya fi tayar mini da hankali, don gayyatar da ta riga ta fita ba ta dawowa. Kada kuma a raina batun ma'auni. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana ba da lissafi da ma'aunin fam, ɗayar kuma tana jiran ma'aunin mita. Ƙwararrun injiniyoyi ne fa suka yi wannan.

Inda nake saɓa wa mutane da yawa shi ne wajen yadda ake auna ingancin bayanin. Wasu karanta shi suke yi su ce ai ya fito sarai. Wasu su ba wani AI ya ba shi maki bisa tsabtar rubutu. Duk wannan bai gamsar da ni ba. Wanda ya gina kayan aiki shi ne mafi rauni wajen yi masa alƙalanci, domin duk gibin da ke cikin bayanin, ƙwaƙwalwarsa tana cike shi ba tare da ya lura ba.

Gwajin gaskiya shi ne a ba wakilin ayyuka irin waɗanda mutane ke kawowa, da harshensu na yau da kullum: "ɗaga mini taron jibi zuwa bayan la'asar." Sai a zauna a karanta abin da ya yi mataki-mataki. Wane kayan aiki ya ɗauka? Me ya zuba a gurabe? Sau nawa ya maimaita kira kafin ya dace? A sa har da ayyukan da bai kamata ya taɓa kayan aikin ba sam, domin bayani mai kyau yana faɗin inda ba a amfani da shi. A maimaita kowane aiki sau da dama, tunda wakili kan dace yau ya kuskure gobe. In an gyara bayanin, a sake gwadawa da ayyukan da aka ɓoye tun farko, in ba haka ba satar amsa kawai aka koya masa.

Saƙon kuskure ma ina lissafa shi cikin bayani. "An samu matsala" bai koya wa wakili komai ba. Amma in aka ce masa "rubuta rana kamar haka: 2025-04-03", kira na gaba zai gyara da kansa.

Masu cewa a tsawaita bayani kawai su ma ban bi su ba. Duk bayanan nan suna shiga cikin abin da wakilin ke karantawa a kowane zagaye, suna cin wuri da kuɗi. Sannan in kayan aiki biyu suna da bayani kusan iri ɗaya, tsawo ba zai raba su ba, sai an faɗi bambancinsu ƙarara ko a haɗe su.

Akwai kuma batun tsaro. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs, wani kamfanin tsaron AI, sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki na MCP, wakili ya karanta ya bi, har ya fitar da bayanan sirri, alhali mai amfani taƙaitaccen suna kawai yake gani a allonsa. Don haka in kayan aikin na wani ne ka ɗauko, ka buɗe cikakken bayanin ka karanta da idonka, ka kuma sake dubawa duk lokacin da aka sabunta shi, domin mai shi na iya sauya rubutun bayan ka riga ka amince.