Bayan "did" ba a cewa "went"

Ɗalibai da yawa a Jos masu shirin jarrabawar WAEC sun ɗauka cewa in dai ana maganar abin da ya wuce a Turanci, dole a canza siffar aikatau. Shi ya sa ake jin "Did you went to Terminus?" Kuskure ne babba. Kalmar did ta riga ta nuna lokacin, sai a bar aikatau yadda yake: "Did you go?" Haka ma a korewa: "I didn't buy", ba "didn't bought" ba.

A jimlar tabbatarwa ce ake canza shi. Yawanci -ed ake ƙarawa, walk ya zama walked, stop kuma a ninka p, stopped. Su go, buy da eat sai an haddace went, bought, ate. Was da were ba ruwansu da did: "Were you there?"