Littafi a buɗe, sabis a rufe

Wai jarrabawar buɗe-littafi! Wanda bai taɓa yi ba gani yake garaɓasa ce: ka zauna a ɗaki, littafi a cinya, ka kwafa ka tura. To ni na yi ta intanet shekaranjiya Talata, kuma har yanzu raina bai daina tafasa ba.

Mako biyu na yi ina shiri. Irin wannan jarrabawar ba hadda ake tambaya ba, babu mai ce maka kawo ma'anar kaza. Matsala za a ajiye maka, a ce warware ta da abin da aka koya maka. Tambaya 30 a minti 40, duk wanda ya tsaya laluben shafi ya gama yawo. Shi ya sa na taƙaita takardun lacca gaba ɗaya a falle biyu, na jera babuka da lambar shafinsu, na manna 'yan takardu masu launi a bakin littafin. Na ƙudurta masu sauƙi zan fara amsawa, littafi kuwa sai inda na yi kokwanto. Unguwarmu kwana uku babu wuta, na kai waya da fawa-banki wajen mai caji. Layi biyu na zuba wa data, in wannan ya yi gardama in koma wancan. Har ƙannena na kora gidan Goggo.

Ina kan tambaya ta 27 shafin jarrabawar ya tsaya yana juyi kamar fanka. Na sauya layi, ya watso ni waje. Kafin ya yarda in koma, lokaci ya cika. Maki: sifili.

Jiya da sassafe na yi hawa biyu a adaidaita sahu daga Kurna zuwa ofishin da ke kula da shafin makarantarmu. Na yi sallama. Mutumin na ɓare gyaɗa, idonsa na kan bidiyo a waya. Sai a sallama ta biyu na samu "uhm".

"Ranka ya daɗe, kan jarrabawar jiya ce. Shafin ne ya..."

"Sabis ɗinka ne."

Ko ɗagowa bai yi ba. Likitan da ke gane cuta tun majinyaci na bakin ƙofa! Na ce, "Yallaɓai, mu goma sha ɗaya abin ya shafa a ajinmu, kuma layukanmu ba iri ɗaya ba ne." Na miƙa masa hoton allon wayata da na ɗauka, ga agogo ɓaro-ɓaro a sama. Da bayan hannun hagu ya ture ta, hagu fa jama'a, ya hure ɓawon gyaɗa.

"Kai yaro, littafi a gabanka ka kasa. Da an rufe shi fa?"

Ya juya ga abokin aikinsa suka tuntsire da dariya, kai ka ce shi ya fara faɗin wannan a duniya. Na haɗiye abin da ya taso min, na ce to yanzu yaya za a yi?

"Je ka rubuto takarda."

"Wa zan kai wa, ranka ya daɗe?"

"Wanda ya aiko ka. Kuma ja mana ƙofar, sanyi na fita."

Sanyi na fita. Ashe akwai man da za a ba janareta don a sanyaya mai cin gyaɗa, na riƙe shafin jarrabawa minti 40 ne babu.

Shi ma ai ɗan koyo ne, daga sama ya gani. A 2022 mun yi zaman gida wata takwas saboda yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai da baki ɗaya, kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. A Oktoban 2024 Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu. A Janairun 2025 aka yarda a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. A kan wannan tulin ne aka zo ana mana wa'azin "karatun zamani", alhali masu wa'azin 'ya'yansu na Ingila da Masar. Ko JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, da na'urarta ta yi tuntuɓe a 2025, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa laifi har da hawaye, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Mu goma sha ɗaya kacal, amma wai sabis ɗinmu ne.

Mu ma mutanen gari da namu. Duk wanda na ba labari sai ya ce, "Ka yi haƙuri, haka Allah ya so." Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta ture min waya da hagu ba.

Ranar Litinin akwai wata. Wani ɗan ajinmu ya ce saman benen gidansu a Rijiyar Zaki ya fi kawo sabis, don haka can za mu ɗauki tabarma da littattafanmu.