Idan ɗan ci-rani ya kwanta ciwo, wa ke biyansa?

A Tudun Hatsi da ke Gombe ake loda masara da wake, wasu motocin su bi ta Mubi su tsallaka Kamaru. A cikin unguwanni kuwa, da yawa daga masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu shayi 'yan Nijar ne da suka zo ci-rani. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗayansu, ranar ce abin cefanensa ke yankewa.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun jinya har kwana 12 a shekara da albashinsa, muddin likita ya ba da takarda. Dokar diyya ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki. To amma yaron mota da ake sallama bayan an sauke kaya, wace takarda zai nuna? Idan ciwon ya kama shi a Garwa ta Kamaru, likitan can da Faransanci zai rubuta, maigida kuma ya ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya ɗauki wani yaron.

A 2013 ƙasashen ECOWAS sun amince da yarjejeniyar da ke nufin haƙƙin ma'aikaci ya bi shi duk ƙasar da ya je aiki a yankin. A Turai irin wannan tsari ya zauna: mazaunin Faransa da ke aiki a Jamus, inshorar Jamus ce ke ɗauke da shi, ya kuma ga likita a garinsu. Namu kuwa ya zo da giɓi tun farko, domin Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS. Nijar ma ta fice a ranar 29 ga Janairu, 2025. Wato duk ƙasashen da mutanenmu suka fi mu'amala da su suna waje. Ko da suna ciki ma, mai albashi a rubuce yarjejeniyar ta fi amfana.

Shi ya sa nake ganin jiran Abuja ɓata lokaci ne. Gombe na da hukumar inshorar lafiya ta GoHealth, Bauchi na da tata, BASHCMA. Kamata ya yi su yi wa mutum rajista bisa inda yake zaune yana neman abinci, ta hannun ƙungiyar direbobi da shugabannin kasuwa da na 'yan Nijar mazauna jihar, waɗanda suka san kowa da sunansa. Wani zai ce ina ruwanmu da baƙo alhali ɗan gida bai samu ba. Ai kuɗinsa zai zuba, ba kyauta ba ce. Kuma mai shayin da ke fama da tarin fuka, ya ƙi zuwa asibiti don kada tebur ya kwana a rufe, ƙofar gidanmu yake tari.

Sai dai inshora magani take biya, ba ta ciyar da iyali. Nan ne ya kamata ƙungiyoyin su ware wani abu daga kuɗin da suke karɓa kullum a tasha, a rubuta a littafi, a sa wa kowane mai mota nasa kaso, ta yadda direban da ya kwanta mako biyu a Marwa ta Kamaru za a kai wa matarsa kuɗin cefane a unguwar Jekadafari da ke Gombe ba sai an zaga da ƙoƙon bara ba.