Na karanta na amince

Don Allah duk mai shirin tambayata yaushe zan tare a gidan hayar nan na unguwar Rumde Ajiya ya adana yawunsa. Ba zan tare ba. Ga labarin nan sau ɗaya, kowa ya huta.

Kun san biki saura sati 5, kun kuma san tun da aka buga gasar ƙwallon Afirka a nan Garwa a farkon 2022 masu gidajen kusa da filin wasa suke ganin kowane ɗan haya ɗan wasan Coton Sport ne. Ranar Talata da la'asar dillalin nan mai jar hula ya goya ni a moto ya kai ni. Ciki da falo, famfo a tsakar gida, darbejiya a ƙofa, jaka 25 a wata. Muna tsaye a uwar ɗaka ya ɗaga yatsa ya ce, "Malam, saurara. Ka ji wani abu?" Na ce ban ji ba. Ya ce, "To haka unguwar take."

Ashe tun safe aka ɗauke wuta.

Kafin magariba na ƙirga wa Alhaji mai gidan jaka 75 na wata 3, da jaka 50 na kosiyo, wato kuɗin ajiya, dillali ya soke jaka 25 a aljihu. Aka kawo takarda shafi 2 da Faransanci. Alhaji, Allah ya sani, ya ce a kira yaro ya karanta mini. Na ce haba Alhaji, ni da nake da BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare? Na karɓi biro na rubuta lu et approuvé, na zuba sa hannu mai doguwar wutsiya har ya haura kan tambur.

Ranar Alhamis gwaggon amarya ta zo da mata biyu za su auna ɗaki saboda jere. Suna cikin yaba siminti wuta ta dawo. Jama'a, injin niƙa biyu ne a bayan gidan, bangonsu ɗaya da uwar ɗaka. Gwaggo ta ajiye kofin silba a kan taga, ina kallo kofin ya kama hanya a hankali, ya je baki, ya faɗo. Tana magana, leɓenta kawai nake gani. Garin masara na sauka daga wata ƙofa a saman bango yana zama a kan mayafinta. Sai da muka fita titi na ji abin da take cewa: "Ɗana, 'yarmu za ka ajiye a nan, ko tsaba muka ba ka ka kai niƙa?"

Kuskurena na biyu shi ne zuwa wurin Alhaji bayan sallar Juma'a. Majalisa ta cika maƙil, tabarma uku, ga mai shayi yana fifita gawayi. Na tsuguna na gaida kowa, na matsa kusa na yi ƙasa da murya na ce, Alhaji, magana ce a keɓe. Ya ce, "Ɗana, duk nan iyayenka ne, faɗi." Na ce gidan ne nake so in fasa, a warware takarda, a mayar mini da kuɗina, tunda ko tsintsiya ban kai ba.

Ya ce madalla. Bai ɓata rai ba, wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya aika aka ɗauko takardar, ya kira jikansa, yaron da ko firamare bai gama ba, ya ce ya karanta mana. Yaro ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafafu kamar sufeto ya shigo aji, ya ɗora yatsa a kan layi. Sashe na 6: mai haya in zai tashi sai ya ba da sanarwar wata 3, kuɗin da aka biya gaba kuma ba a mayarwa. Ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausa. Akwai wani tsoho a gefe, Bafulatani, kunnensa ya yi nauyi, sai wani ya ɗauki nauyin juya masa da Fulatanci da ƙarfi. Kowace magana sau uku na sha ta.

Alhaji ya ce, "To a ƙasa, wannan na biro, rubutun wa ne?"

Na ce nawa ne.

"Karanta mana."

Na karanta.

"Mu ba mu yi lekol ba, ɗana. Da Hausa."

Na dubi ƙasa. Akwai wata tururuwa tana jan ƙwayar sukari a bakin tabarma, har yau ina tuna ta. Na ce, "Na karanta na amince."

"Ka karanta?"

Na ce a'a.

"Amma ka amince?"

Na ce e.

Majalisa ta yi tsit, kowa na danne dariya saboda girman Alhaji. Mai shayi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Aka gama juya wa tsohon, ya yi shiru kamar bai ji ba, har an fara wata maganar, sannan ya fashe da dariya shi kaɗai, yana dukan cinya, yana tari. Shi ya buɗe wa saura ƙofa.

Duk wannan bai ƙona mini rai kamar ɗan kawuna ba, kun san wanda nake nufi. Ni na ɗauko shi a matsayin shaidata, ni na saya masa mai. Tun da muka zauna ya karɓi goron Alhaji ya ɓare, ya sha shayi zagaye biyu. Ana cikin dariyar nan sai na ji muryarsa: "Gaskiya Alhaji, ni ma sai da na ce masa ya karanta." Yaushe? Ranar Talatar nan yana jingine da darbejiya yana latsa waya, da aka miƙa masa biro ko inda zai sa hannu sai da aka nuna masa. Mutumin da jakata 8 ke hannunsa tun ƙaramar Salla. Mutumin da ya ari motona ya je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya dawo mini da shi yana turawa, tanki ƙaf, madubi ɗaya babu, ya ce wai haka ya gan shi. Kuma a hanyar komawa har yana da bakin ce mini Alhaji mutumin kirki ne.

Mutumin kirkin ne kuwa, shi ne abin haushin. Ya mayar mini da jaka 50 na kosiyo a gaban kowa, ya ce sauran sai an sami wani ɗan hayar. Na kira mai jar hula kan la'adarsa, ya ce, "Malam, kuɗin dillali ruwan Binuwai ne, in ya wuce gada sai Yola."

Makulli yana hannuna har yanzu, tunda wata 3 nawa ne. Mai injin in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce sannu maƙwabci. Jiya dillalin ya kira wai ya samo wani a Pumpumre, shiru kamar maƙabarta. Na ce akwai wuta a unguwar yanzu? Ya ce zai sake kira. Ɗan kawun nawa kuma ya turo saƙo yana tambaya ko zan ara masa makullin, wai ɗakinsa zafi.