Littafin Hotuna a Matsayin Goron Sallah

A tsakiyar watan Disamba na shiga wani kantin littattafai a Birmingham, inda nake zaune da iyalina, domin in sayo wa 'ya'yan yayana tsarabar da za a ajiye musu har ƙaramar Sallah, tunda wata 'yar garinmu za ta gida kuma ta yarda ta kai saƙo ƙauyenmu a ƙasar Ringim. A irin wannan lokaci rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu, tituna sun sha ado da fitilu saboda Kirsimeti, kantin kuma ya cika maƙil da iyaye da kakanni. An shimfiɗa darduma mai laushi a sashen yara, an ajiye ƙananan kujeru, an yi kantoci gajeru daidai tsayin yaro domin ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa. Littattafan jarirai da kwali mai kauri ake yin su, ko an tauna ba sa yagewa, wasu kuma suna da ɗan murfi a kowane shafi, wanda yaro zai ɗaga ya tarar da dabba a ɓoye.

Matar da ke kula da sashen ba ta fara da tambayar kuɗin da na tanada ba. Ta tambayi shekarun kowane yaro, da abin da ke ba shi dariya, da abin da yake tsoro, da wanda zai karanta masa kafin barci. Da na gaya mata cewa a ƙauyenmu gidaje kaɗan ne suke da littafin labari, sai ta dube ni da tausayi ta ce ashe yaran nan haka suke kwana babu labari. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, amma maganar ta sosa mini rai ƙwarai, domin ni da na tashi a tsakar gida ana cewa "ga ta nan, ga ta nanku" muna amsawa da "ta zo mu ji ta", na san ba mu taɓa kwana da yunwar labari ba, kuma Gizo da Ƙoƙi ba su jira maɗaba'a ba kafin su shiga kowane gida.

Sai dai da ta fara ɗebo littattafan, fushina ya koma wani waje. Na Kirsimeti sun cika da dusar ƙanƙara da bishiyar ado da dattijo mai jajayen kaya. Akwai na Idi ma, na kuma yaba da hakan, amma iyalan da aka zana na ƙasashen Larabawa ne ko na Pakistan. Ban ga yarinya da sabuwar atamfa da lalle tana kai tuwon Sallah gidan maƙwabta ba, ban ga yara suna yawon barka da Sallah ba, balle dawakan hakimi da algaita. Yaro ɗan shekara 4 da bai taɓa ganin kansa a shafi ba zai girma da tunanin cewa littafi na wasu mutane ne.

Mutanen nan ba da ka suke saba wa yara da littafi ba. Shirin Bookstart, mai raba wa jarirai littattafai kyauta, a nan Birmingham ya fara a 1992, kuma duk watan Maris ana bai wa ɗalibai takardar da za su karɓi littafin fam ɗaya a kanti. Na san aljihunsu ba ɗaya yake da namu ba, kuma da na kira gida yayana ya ce, "Ƙanwata, ki dai turo na shadda da takalmi, yaro ba ya sa littafi ya je idi." Ban ga laifinsa ba. Duk da haka ina ganin mun fi duba abin da idon jama'a zai gani a jikin yaro fiye da abin da zai zauna masa a ka, alhali shaddar kan yi masa kaɗan kafin shekara ta zagayo.

Abin da ya fi damuna shi ne muna da masu hannu. Alarammomin da ke yin zayyana a allon sauka, da masu zanen jikin manyan motoci, da masu ɗinkin hula, duk sun san launi da tsari. Kano ta buga littattafan soyayya masu ɗimbin yawa tun daga shekarun 1980 ba tare da jiran kowa ba, amma ƙananan yara an bar su a baya. Tsofaffin da suka riƙe tatsuniyoyin kuma suna ta tafiya, yaran ƙauyen yanzu a kan wayar yayyensu suke taruwa da daddare. 'Yata da aka haifa a nan ba ta da kaka a kusa, shi ya sa na roƙi Inna ta riƙa turo mana tatsuniya ta WhatsApp, ina rubutawa a littafi, kuma ina neman mai zane daga Kano ko Dutse wanda zai yarda mu fara da labari guda na Sallar ƙauye, ni zan ɗauki nauyin bugun farko.