Duna Ya Hau Kufena da Alhaji

Bakano ya gangaro daga Dutsen Kufena da jaka a baya, gwiwar wando a yage, karensa Duna na gaba yana haki. A gindin dutsen ya tarar da Bazazzagi maharbi.

Bazazzagi: Sannu Alhaji! Kai ka fito da kare, ko shi ya fito da kai?

Bakano: Malam, bar tsiya. Tun hantsi yake jana, har yatsuna sun kumbura.

Bazazzagi: Ai dole, tunda ka nannaɗe igiya a yatsu. Babban yatsa ake zurawa a madaukin, a dunƙule hannu. Wannan mai akwatin roba kuma fa?

Bakano: Mai tsada ce! Da kanta take miƙewa, mita 5.

Bazazzagi: Ita ta lalata shi. Ya ja, ta ƙara masa tsawo, ya ja, ta ƙara. Ka koya masa cewa ja na da riba. Nemo igiya zalla, mita 1 da rabi zuwa 2.

Bakano: In ya ja ai nakan fizgo shi.

Bazazzagi: Shi kuma ya ƙara turjewa, haka jikin kare yake. Ga abin wuya na shaƙe masa maƙogwaro, shi ne tarin nan da kake ji. Sa masa ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, ka ɗaure yadda yatsu 2 za su shiga. Ya zabura, igiya ta juyo da shi gefenka. Igiya ta yi tauri, ka tsaya cak. Ta saki, ku tafi, ka ba shi ɗan nama. Minti 10 kullum a tsakar gida, kafin ka zo ka ba mu kunya a Zariya.

Bakano: Nama kuma? Akwai guntun kilishi a aljihuna.

Bazazzagi: Kul! Albasa da tafarnuwa na lalata wa kare jini. Dafaffen nama, ba yaji, yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa.

Bakano: Ƙanana? Yanzu ka yi magana.

Bazazzagi: Wandon fa?

Bakano: A kugu na ɗaura igiyar don in ɗaga waya. Muna gangarowa ya hango ƙadangare.

Bazazzagi: Allah ya rufa asiri! Jaka na tura ka ta baya, kare na janka ta gaba. A gangara igiya a hannu take, a gajarce, kare a gefenka ko bayanka. Ruwa nawa ka ɗauko masa?

Bakano: Fiya wata ɗaya, mun raba.

Bazazzagi: Kare mai kilo 25 yakan sha kusan lita 1 da rabi a yini ko yana kwance, balle hawan dutse. Kuma ɗora bayan hannunka a kan dutsen nan. In ba ka jure daƙiƙa 5 ba, tafinsa zai ƙone. Da asuba ake hawa.

Bakano: Wayyo! To shi zoben baya na ɗamarar, amfanin me yake?

Bazazzagi: Ka bar shi sai ya koyi tafiya. Ta baya ake ɗaura karnukan da ke jan kaya a ƙasashen ƙanƙara, ƙarfinsu duka a nan yake fita.

Bakano: Tsaya, Malam. Jan kaya ka ce?

Bazazzagi: Alhaji, ba haka nake nufi ba.

Bakano: A'a, bar shi da halinsa, kada ka gyara mini shi. Daga Kantin Kwari zuwa tasha, dila nawa zai ja?