Kunne Amana Ce: Tsinke, Mari Da Lasifika

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa Musulmi.

Allah Maɗaukakin Sarki ya sanar da mu a Suratul Isra'i, aya ta 36, cewa ji da gani da zuciya duk za a tambayi bawa a kansu. Galibi da mun ji wannan aya sai tunaninmu ya tsaya a kan gulma da kiɗa. Wannan gaskiya ne, amma akwai saura: ita kanta gaɓar da aka ba ka, yaya ka riƙe ta?

Daga ƙofar kunne zuwa dodon kunne tazarar ba ta wuce santimita biyu da rabi ba. Dodon kunne fata ce siririya, sauti na taɓa ta sai ta girgiza. A bayanta akwai ƙasusuwa uku da ke miƙa wa juna girgizar, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa kamar milimita 3. Shi ke tura motsin zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, mai ɗauke da ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000, waɗanda ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Dodon kunne in ya ɗan fashe yakan warke da kansa cikin makonni. Waɗannan ƙwayoyi kuwa in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma ba a da maganin da ke dawo da su.

Abin da ya fi kashe su a hannunmu shi ne ƙara. Hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. A desibel 85, awa 8 ce iyakar abin da kunne ke ɗauka a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 sai lokacin ya rabu biyu, har a desibel 100 ya koma kamar minti 15. Ba sai kana da na'urar awo ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, wurin ya wuce ƙima. Mai injin niƙa, da mai zama kusa da janareta, da mai walda da saran ƙarfe, su nemi abin toshe kunne na roba, ba shi da tsada. Matashi mai toshe kunne da waya kada ya haura kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin, ko da karatun Alƙur'ani yake saurare. Masu shirya wa'azi da walima su ma wannan magana ta shafe su. Zaunar da yara a gindin lasifika awa uku cutarwa ce, kyakkyawar niyya ba ta hana ta aukuwa. Wanda ya tashi daga taro yana jin wani "wiii" a kunnensa, to kunnen ya ji jiki ke nan.

Sai tsinke. Dattin kunne kariya ce, yana kama ƙura da ƙananan ƙwari, kuma yana gangarowa waje da kansa ta hanyar motsin muƙamuƙi. Tsinken ashana da gashin kaza da murfin biro, har da tsinken auduga na kanti, sai dai su danna shi ciki ya dunƙule, ko su yage fatar, ko su huda dodon. Dubi alwala: shafa ake yi, manuniya a ciki, babban yatsa a baya, ba a tona ba a ɗura ruwa. Iyakar inda yatsa ya kai, nan ne iyakar tsafta.

Iyaye da malamai, ku ji tsoron Allah game da mari. Annabi (SAW) ya hana dukan fuska, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Tafin hannu in ya rufe kunne, iska ce yake matsawa cikin ramin da ba shi da mafita, sai ta fasa dodon. Daga baya a ce yaron ba ya jin magana, alhali kunnen ne aka kashe masa.

Yara sun fi manya ciwon kunne domin bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro gajere ne a wajensu, kuma a kwance yake, mura na zuwa sai ƙwayoyin cuta su haura. In kunnen yaro ya fara ruwa, kada a ɗiga manja ko ruwan albasa ko wani ruwan ganye, domin mai yiwuwa dodon a huje yake, abin da aka zuba zai zarce ciki. A nannaɗe tsumma mai tsabta a tsane ruwan sau uku a rana, a hana ruwan wanka shiga, a kai shi asibiti. Ruwan da ya kai kwana 14 ya zama ciwo mai daɗewa. Kumburi mai zafi a bayan kunne kuwa ba a kwana da shi a gida.

Sanƙarau, wanda muka sani a lokacin zafi daga Sakkwato har Damagaram, yana barin wasu da kurumta, haka ma ƙyanda. Rigakafi na hana su, kuma duk wanda ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa. Allurar gentamicin ma tana lalata ƙwayoyin nan masu gashi na cikin kunne in aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba, don haka ba allurar da za ka nema da kanka a kemis ba ce.

Jaririn da ƙara ba ta firgita shi, ko ya kai wata 6 ba ya juyowa inda sauti yake, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sashen a Asibitin Malam Aminu Kano. Babban da ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke ba tare da ciwo ba, ya ga likita a ranar, domin maganin wannan a kwanakin farko ya fi aiki.